Mai Sunan Yarinya

Na sauka New York da akwati ɗaya da lambar wayar wani mutum da ban taɓa gani ba. A Zariya na baro 'ya guda wadda ban taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce. A gidanmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane. Ranar da aka yaye ta mahaifiyata, Inna, ta goya ta ta tafi da ita, ta tashi tana kirana Anti Rabi kamar sauran yaran gidan. Ubanta ya rasu tana rarrafe. Da ƙuri'ar biza ta faɗo kaina tana shekara biyar, babu wanda ya ga abin tattaunawa. Yarinya tana hannun Inna, ni kuwa in je in nemo.

Mai lambar wayar sunansa Isufu, mutumin Maraɗi, ƙanin abokin wani maƙwabcinmu. Shi ya tarbe ni, ya samo mini makwanci a ɗakin wasu mata, washegari ya kai ni Canal Street, inda 'yan Afirka ke shimfiɗa haja a bakin titi. Mutum ne mai daɗin baki, yana cusa Faransanci a cikin Hausarsa. Ya karɓi katin zamana ya ɗaga shi sama kamar mai duba ƙwai, ya ce, "Bon, Hajiya, ke ai kin gama. Mai takarda sarauniya ce a garin nan. Walaa, ga jarinki." Jarin zanen gado ne cike da jakunkunan mata masu ƙyalli. Ya nuna mini yadda ake shimfiɗawa. Bai nuna mini yadda ake naɗewa a arce ba, bai kuma ce jakunkunan jabu ne ba.

Wata ranar sanyi da hantsi na ji wani ya yi fito. Kafin in waiga titi ya yi fayau, ƙarti sun ɓace da ƙullinsu. Ni kaɗai na rage, riƙe da jar jaka, ina roƙon wata Baturiya ta ƙara wani abu. 'Yan sanda suka tattara kayan, suka ba ni takardar sammaci. Daga baya wata 'yar Senegal ta warware mini: Isufu sababbin zuwa masu takarda yake nema, domin in an kama su ba a korar su gida. Kayansa na kirki suna wurin masu gudu, ni kuwa ya ajiye ni ne don 'yan sanda su sami abin kamawa. Da na tare shi sai ya buɗe hannuwa ya ce, "Sai haƙuri, Hajiya, nan New York ne." Na tsaya ina jiran fushi ya zo mini, ni da a Tudun Wada aka san ni da baki. Bai zo ba.

Abin da na riƙe daga ranar shi ne wata tsohuwa 'yar Sin mai sayar da kifi. Ta ga ina tsaye a inda aka bar ni, ta ja hannun rigata zuwa cikin shagonta, ta kife bokiti ta zaunar da ni, ta miƙo mini ruwan zafi a kofin takarda. Zallan ruwan zafi, ba ganye ba sukari. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Na sha, ta karɓi kofin, ta koma kan kifinta.

Daga nan sai 125th Street a Harlem, shagon kitso na wata 'yar Gini. Na yi shekaru a wurin, tsaye daga safe zuwa yamma, kan mutane a hannuna. Na yi wa 'ya'yan mutane kitso har ba na iya tuna fuskokinsu. Uwayen suna zaune a gefe, ko wane motsi sai sun kira sunan yarinya, "zumata", "sarauniyata", a sumbace ta a goshi, a sumbace ta a kumatu, a tambaye ta ko tana jin zafi. Ni dai dariya abin yake ba ni. Nakan ce a raina waɗannan mata ba su da ta ido, yarinya ai sai ta lalace. Ina faɗa ina ja musu gashi da kyau.

Duk ranar Lahadi ina kiran Inna. Sai mun gama gaisuwa, mun bi dangi ɗaya bayan ɗaya, mun taɓa farashin masara, sannan in ce, "Ya sauran mutanen gida?" Inna ta san abin da nake tambaya. Sai ta ce, "Mutuniyar taki lafiya lau, ta zo ta uku a ajinsu, haƙorin gaba ya fito." Wani lokaci ta miƙa mata wayar.

"Anti ina wuni."

"Lafiya lau. Ya karatu?"

"Lafiya lau."

"To, a dage."

Sai Inna ta karɓe. Ina ajiye wayar in je in ɗora tukunya.

Kitso ya cinye mini hannu. Yatsu uku na hannun dama suka mutu, in na taɓa abu sai in ji kamar ta cikin safa nake taɓawa. Likita ya ce jijiya ce a wuyan hannu, in bar aikin. A lokacin na riga na koma Morris Heights a Bronx, na kama ɗaki a gidan Mma Azumi, wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi. Hausarta ba ta san mace ba. Ranar farko da ta ce mini, "Kai Rabi, ka ci abinci?" sai da na waiga in ga namijin da ke bayana. Mace ce mai jiki, mai surutu, ba ta iya magana da mutum sai ta dafa shi. Ita ta sa wani ɗan 'yar'uwarta ya kai ni inda ake koyar da aikin gadi, na sami takardar, aka ɗauke ni a wani ƙaramin gidan tarihi can arewacin Manhattan, inda aka tara tsofaffin kayan coci na Turawa.

Aka ba ni kwat mai ruwan toka, aka yarda in ɗaura baƙin ɗankwali. Wanda ya koya mini aikin wani tsoho ne, Mista Ramon, mai yaren Sifaniyanci da Turanci mai karkata irin nawa. Ya kai ni wani ɗaki mai sanyi marar taga, ya nuna mini layin da aka ja a ƙasa, ya ce aikina duka shi ne kada hannun kowa ya tsallake shi. Bayan layin, a jikin bango, akwai wani sassaƙe na farin dutse da bai fi tsawon hannuna ba. Wata mace ce tsaye da mayafi, ta buɗe gefen mayafin ta rufa wa wata 'yar yarinya, yarinyar ta sunkuyar da kai kan littafi. Hannun matar ɗaya yana nuna rubutu, ɗayan yana kan kafaɗar yarinyar. Ramon ya ce Kiristoci suna ɗaukar matar waliyyiya, ita ce kakar Annabi Isa, alaihissalam, tana koya wa 'yarta karatu. A Ingila aka sassaƙa shi, ya haura shekara ɗari biyar.

Dutsen sunansa alabasta. Kamar daskararren man shanu yake, in fitila ta bugi gefen mayafin inda ya yi siriri sai ka ga haske ya ratsa. Ramon ya ce laushinsa ya kai farce ya karce shi, ruwa yana cin sa, maiƙon hannun mutum kuwa yana shiga ya zauna har abada. A da an shafe shi da launi, har yanzu akwai burbushin ja da ruwan zinari a cikin lanƙwasar tufafin. Hancin uwar ya gutsure, tun lokacin da Turawa suka yi rikicin addini a tsakaninsu suka bi coci-coci suna farfasa irinsu. Bayansa kuwa rami ne, an ƙwaƙule, ba a gyara ba, tunda bango zai kalla.

Mma Azumi da ta ji sai ta tafa hannu. "Ei! Ka baro Zariya, garin malamai, ka zo Amurka ka gadi gunki? Inna ya sani?" Ban gaya wa Inna ba, na ce mata ofis nake. Abin ya tsaya mini a rai har na tambayi wani malami ɗan Sakkwato da ke limanci a masallacinmu na ƙarƙashin bene. Ya ce, "Kina yi masa sujada?" Na ce a'uzubillahi. Ya ce, "Kina roƙonsa wani abu?" Na ce a'a. Ya ce, "To ki je ki tsaya, ki yawaita istigfari, Allah ya kawo wanda ya fi." Wanda ya fi bai zo ba, na ci gaba da tsayuwa.

Wata rana Ramon ya tambaye ni ko muna da sunan matar a yarenmu. Na ce Hannatu. Ya maimaita, ya ji daɗinsa. Ya ce yarinyar fa? Na buɗe baki na rufe. Sunan 'yata ne. Mu ko a kan wani aka sa sunan, kauce masa muke yi. Na ce masa muna da shi mu ma, na matsa gaba kamar na hango wani zai yi ɓarna. Tun daga ranar, a raina, nake ce wa ta dutsen mai sunan yarinya.

Aikin ba wuya, sai dai tsayuwa. Magana ɗaya nake yi duk yini da Turanci: don Allah kada a taɓa. Na lura kowa wuri ɗaya yake kai hannu. Tsofaffi, ɗalibai, masu yawon buɗe ido daga ƙasashen da ban san sunansu ba, babu mai neman littafin ko fuskar, duk hannun nan da ke kan kafaɗa suke nufa. Wurin ya yi rawaya ya yi sumul, yatsun sun kusa shafewa, saboda mutanen da suka shafa shi tun kafin a haifi kakannin kakannina. Ni ban taɓa jin sha'awar taɓawa ba. Ina kallonsa kamar yadda nake kallon bangon jirgin ƙasa.

Inna ta rasu ina tsaye a ɗakin nan. Ba a yarda mu riƙe waya a bakin aiki ba, sai da na fita hutun cin abinci na ga kiran yayana, Yaya Sani, jere. Na kira. Ya ce an riga an kai ta, ciwon yini ɗaya ne. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na ce Allah ya jiƙanta, na tambayi wanda ya yi mata wanka. Sannan na cinye burodina, na wanke hannu, na koma na tsaya a bayan layi har aka tashi. Wani saurayi ya miƙa hannu, na ce masa don Allah kada a taɓa. A gida Mma Azumi ta yi kuka har da majina a kan matar da ba ta taɓa gani ba, ta rungume ni tana jijjiga ni. Ina jin ƙamshin daddawa a rigarta, ina tunanin ko na kashe fitilar banɗaki. Na so in yi kuka, wallahi na so. Babu abin da ya zo.

Yarinya ta koma hannun matar Yaya Sani, ni kuma na shiga neman takardun ɗauko ta. Ya ɗauki fiye da shekara. Ta sauka tana shekara goma sha biyu, wata mata 'yar Kaduna ta riƙo ta a jirgi. Na gane ta daga nesa, doguwa, siririya, da tafiyar ubanta. Ta zo gabana ta durƙusa har ƙasa a tsakiyar filin jirgi, Turawa suna kewaye ta da akwatunansu.

"Anti ina wuni."

"Lafiya lau. Kin sha hanya. Tashi."

Na karɓi jakarta. Mma Azumi, wadda ta dage sai ta rako ni, ta ture ni gefe ta ƙwala kiran sunan yarinyar, ta rungume ta har ƙafafunta suka bar ƙasa. Na ga yarinyar ta leƙo ni ta saman kafaɗar Mma. Na duba agogo na ce mu yi sauri kada mu rasa bas.

Na bar mata gadon, na shimfiɗa katifa a ƙasa. Na saya mata rigar sanyi mafi kauri a shagon, da takalmi, da jakar makaranta. Kullum kafin in fita na dafa mata abin da na ji Inna tana cewa tana so. In zan kira ta sai in ce "ke", ko in ƙwanƙwasa ƙofa, ko in ce wa Mma, "Ki ce wa yarinyar nan abinci ya yi." Kitso Mma ke yi mata, wani irin kitso kamar an yi da ƙafa, ni da na yi shekaru ina cin abinci da shi ina kallo ina shiru. Mma ta sha yi mini faɗa. "Kai Rabi, yaron ka ne fa. Nan ba Zariya ba ne, wa zai gan ka?" Nakan ce mata ba za ta gane ba. A hankali yarinyar ta daina magana. In na tambaye ta abu da Hausa sai ta amsa da Turanci, kalma ɗaya, idonta a kan waya.

Ana cikin sanyi na biyu da zuwanta aka kira ni daga makaranta. Wata mata mai kula da damuwar ɗalibai ta zaunar da ni, yarinyar tana kujerar gefe. Ta ce an sa yara su yi bayanin iyalinsu, ita ta ce mahaifiyarta ta rasu a Najeriya, yanzu tana zaune da wata anti. Takardu kuwa sun nuna ni ce uwar. Ta tambaye ni, a hankali kamar mai magana da marar lafiya, ko gaskiya ne ban taɓa kiran sunanta ba.

Na yi bayani iyakar Turancina. Na ce al'ada ce, ba ƙi ba ne. Na ce Inna har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan Yaya Sani, ɗanta na fari, ba, kuma kowa a unguwa ya san shi ne ranta. Matar tana gyaɗa kai tana rubutu. Ina cikin magana na ji abin da nake faɗa ya yi mini wani iri. Yaya Sani ya tashi a gida mai cike da kakanni da goggonni da kawunnai, sunansa yana tashi daga kowane ɗaki tun asuba, shirun Inna bai taɓa zama shiru ba. Ita wannan ɗaki ɗaya gare ta da mutum ɗaya. Na gane haka sarai a kan kujerar nan, amma ganewa ba ta buɗe mini baki ba. Muka fito, muka hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu, ta zauna nesa da ni da kujera biyu.

Yarinyar da kanta ta kira Yaya Sani. Ya neme ni ya ce, "Rabi, yarinyar nan ba ta jin daɗin wurin nan. In an yi dogon hutu ki sako ta jirgi, uwar riƙonta tana nan, 'yan'uwanta suna nan. Kin yi iya yinki." Na san in ta tafi ta tafi ke nan. Za ta yi aure a can, in aika da kayan ɗaki, 'ya'yanta su tashi suna ce mini Anti ta Amurka. Na ce masa to. Na sayi tikiti, na je 125th Street na sayo babban akwati, na ajiye shi a bakin gado. Kullum in na dawo aiki sai in tarar ta ƙara wani abu a ciki.

Asabar ta ƙarshe kafin tafiyar, Mma Azumi ta tare ƙofa da jikinta. "Ka tafi da shi wurin aikin ka. Ya zo Amurka zai koma bai ga komai ba sai Bronx? Ko gunkin ne ya gani." Ba a karɓar kuɗin shiga daga iyalin ma'aikata, ba ni da hujja. Muka tafi.

Na zaunar da ita a bencin da ke tsakiyar ɗakin, na ce kada ta tsallake layi, na koma kusurwata. Ta daɗe tana danna waya. Can na ga ta ɗago tana kallon dutsen. Ramon ya shigo zagaye, ya gan ta, ya washe baki, ya tambaye ta sunanta. Ta faɗa. Ya dafe ƙirji ya nuna yarinyar da ke jikin dutsen ya ce ai ga takwararki nan, wannan kuma mahaifiyarta ce, mamanki ta ce Hannatu kuke ce mata. Ya juyo ya kalle ni, na ga ya tuna tambayar da na ƙi amsa masa. Ya wuce ɗaki na gaba.

Bayan azahar wata tawagar baƙi ta cika ɗakin, mai yi musu jagora tana bayani da wani yare. Ina lura da wani dattijo mai kyamara da ke matsawa gaba, sai na hango ta ta gefen ido. Ta tashi daga bencin, ta ratsa mutane, ta tsaya a kan layin. Sannan ta tsallake. Ta ɗaga hannu, inda kowa ke nufa, hannun nan da ke kan kafaɗa.

Na ce, "Ke."

Ba ta waiga ba. Mutane sun tare ni, ba zan isa wurin da ƙafa ba kafin ta taɓa.

"Ke! Ke yarinyar nan!"

Wasu mata biyu suka juyo suna neman wadda ake yi wa tsawa. Ita ma ta juyo, amma ba ta sauke hannun ba. Yatsunta suna dab da dutsen, tana kallona ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ta zo. Ba dutsen take so ba. Tsayawa ta yi tana jira, fuskarta ba fushi ba kuka, irin fuskar da nake gani a madubi kowace safiya. Na tuna Inna, na tuna matan Tudun Wada da abin da za su ce. Duk suna nesa, wasunsu suna ƙasa. Harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba.

"Maryam."

A hankali ya fito, muryar ma ta karye a tsakiya. Ban zaci ya kai wurinta ba. Ta sauke hannu, ta ja da baya ta tsallako layin.

Ta ce, "Na'am."

Ba wanda ya san an yi wani abu. Mai jagora ta ci gaba da bayaninta, dattijon ya ɗauki hotonsa. Maryam ta koma benci ta zauna, ni na koma kusurwata na tsaya har aka tashi. Muka hau jirgin ƙasa. Ta zauna a kujerar da ke jikin tawa.

Da muka isa gida da la'asar na kira Yaya Sani tun kafin in cire takalmi, don na san in na zauna ba zan iya ba. Ita tana tsaye a bakin ƙofa. Na dube ta, ta gyaɗa kai sau ɗaya. Na ce, "Yaya, Maryam ba za ta zo ba bana." Ya ce, "Rabi, ke ce kike kama suna haka gatsal?" Na ce ni ce. Ya ce lallai Amurka ta gama da ni. Na ce ta gama, Yaya, a gaida mutanen gida.

Har yau Anti take ce mini, ni ma sunan ba kullum yake fita ba, wani lokaci sai na yi kamar mai haɗiyar magani. Akwatin muka zuba kayan sanyi a ciki muka tura ƙarƙashin gado. Amma a yammacin nan, bayan na ajiye waya, ta shiga ɗaki ta fito da mataji da man kitso, ta cire ɗankwali, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya. Da Hausa ta yi magana.

"Anti, kitson Mma ba kyau."

Daga kicin Mma Azumi ta ce ta ji, Allah ya isa. Na fara tsefewa da matattun yatsuna, ina jin gashin kamar ta cikin safa. Da na zo ƙeya na raba shi biyu, sai na ga wani ɗan wuri a hagu inda gashin ya murɗe ya juya baya, ya ƙi bin tsaga. Na san wurin nan. Tun ina budurwa nake yi wa Inna kitso, kullum a daidai nan nake faɗa da gashinta tana dariya. Shekara goma sha uku yarinyar nan tana ɗauke da shi ban sani ba. Na ɗora babban yatsana a kai, na kasa ci gaba.

Ta ce, "Anti, ruwa yana zubo mini a wuya."

Na ce, "Na sani. Zauna daidai, Maryam."